Na Ci Tuwonsu, Nasu Ya Kwana a Tasha

Shekarar da sojoji suka karɓe mulki a Nijar, rufe iyaka ya ritsa da ni a gidan surukai.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Kiyawa. Ban yi boko ba. Na yi dako a Dutse, na yi haƙar rijiya har ƙasa ta taɓa rufto mini, ta bar ni da ɗingishi. Ba ni da yawan magana, shi ya sa ƙanena ya aike ni in nema wa ɗansa aure. Yaron ya ga yarinyar ne a wajen fataucin awaki, a wani gari bayan iyaka, kuma suna son juna. Uba ba ya zuwa neman aure da kansa, baffa ake turawa. Na ɗauki goro da alewa na tafi.

Da na isa, mahaifinta ya ce ba shi ke bayarwa ba. Wansa ne waliyyi, ya kuma tafi Dutse a yi masa aikin ido. Mun yi saɓani a hanya. Ya ce in jira shi.

Ina cikin jira sojoji suka yi magana a rediyo. Suka ce gyara suka zo yi, za su hana sata, su kawo tsaro. Gwamnatinmu ta ce ba ta yarda da su ba. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ake ba su daga wajenmu. Tsohonsu ya maƙale a ƙasarmu, ni na maƙale a tasu. Na ce wa mahaifin yarinyar kada ya damu, gidanmu ba nisa da Dutse. Na kira ƙanena a waya na ce ya je ya ɗauko tsohon. Ya ce to.

A wajenmu mai neman aure ba ya ƙoshi a gidan surukai. Taɓawa yake ya ture kwano. Haka na yi ta yi, har jiri ya kayar da ni a ƙofar masallaci. Mahaifin yarinyar ya ɗaga ni da hannunsa.

"Malam, in ka mutu a zaurena me zan ce wa mutanenka? Yanzu kai baƙo ne, ba suruki ba. Ci."

Na ci. Abinci ya yi tsada tun da aka rufe hanya. 'Ya'yansa na shan kunu, ni ana kawo mini tuwo da nama. Samarin unguwa kan tsokane ni, "Baba ɗan Najeriya, yaushe za ka kunna mana wuta?" Na ce musu mu ma ba mu da ita. Suka yi dariya, suka sayo mini shayi.

A rediyo kullum maganar wakilai ake. Waɗannan sun je an ƙi ganinsu, waɗancan sun je an karɓe su. Ni wakilcina ya tsaya cik. Da na ji ƙarfi, wani mai babur ya bi da ni ta daji na dawo gida.

Ban cire takalmi ba na tambayi ƙanena ina tsohon yake. Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, an ce yaƙi za a yi da su. An ce duk wanda ya ajiye ɗan can, za a zo a tambaye shi."

"Wa ya ce?"

"Ana ta faɗa."

Na sami tsohon a tashar Dutse, bayan rumfar wani mai shayi, kwance a kan kwali, ido ɗaya ɗaure da tsumma. Mai shayin ke ci da shi. Na durƙusa na faɗa masa ko ni wane ne.

Ya ce, "Kai ne baffan yaron? Yaya ka baro ƙanena? Sun kula da kai dai ko?"

Ƙasa ta taɓa danne ni, amma ban ji nauyi irin na wannan tambayar ba. Na ce, "Sun kula, Baba."

Na kai shi ɗakina, na koma zaure. Ban ƙara tayar da maganar aure ba, don na ɗauka ta mutu. Ranar da zai tafi shi ya tayar da ita.

"Na ba yaron. Amma a gidanka za ta zauna, ba gidan ƙanenka ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da ya koma, bai gaya wa kowa maganar tasha ba. Cewa ya yi a gidana ya sauka tun farko.

An buɗe iyaka daga baya, gwamnatocin biyu suna gaisawa sama-sama. Ni da ƙanena ma haka muke. Yanzu ina gidana, na daina noma mai nisa saboda ƙafa. Yarinyar tana sashen da na gina musu, ita ke kawo mini tuwo. In mahaifinta ya zo ya fara yi mini godiyar riƙon wansa, ƙasa nake kallo har ya gama.