Shanun Wani a Ƙirjin Ardo

Sanayya ta shekara goma sha tara, ruga tara da ke sayen dusa da kanwa a hannuna, da bakin mutum ɗaya wanda in ya ce a saya wurin wane, duka taran can suke saya. Abin da na ɗora a kan takarda guda ke nan, ban kuwa san na ɗora ba sai da takardar ta riga ta manne a bango.

Sana'ata abincin dabbobi. Na fara da tiya biyu ta dusa a kan buhu shimfiɗe a kasuwar Gazawa, yau ina da shago da mangaza ta ajiyar kaya a bayansa, ina sayar da dusa, gurya, kowar wake, harawa, kanwa da gishirin lasa. Mutumin da nake magana ardo ne na wasu rugage da ke arewa da gari. Ya girme ni da kamar shekara goma. Tun ina shimfiɗa buhu a ƙasa ya tsaya wurina, ya tsoma hannu cikin dusa har wuyan hannu, bai taɓo rairayi ba, daga ranar bai sake tsayawa wurin wani ba. Kaɗo yake ce mini, ni kuma in ce masa Ardo.

Abin da ya kai ni lakol, zaman aji da furfura a gemu, wata afish ce, takardar talla ta liƙawa a bango, da na ba da aka yi mini a Maraɗi. Mai bugawa ya sa mini wata saniyar Turai mai baƙi da fari, hantsarta kamar tulu, tana tsaye cikin ciyawa kore shar. Makiyaya suka yi ta taruwa suna dariya. Wani ya tambaye ni ko a shagona ake sayar da irin wannan ciyawar. Na ga cewa mafi yawan masu sayen kayana ba sa karanta boko, hoto suke karantawa, kuma wanda bai san su ba ba zai iya rubuta musu ba. Da na ji an buɗe wurin koyon zanen afish da gyaran hoto a Agye, sai na sa sunana. Kwana biyu a mako, wata huɗu, ina barin shago a hannun ƙanena in hau moto, wato babur.

Mu goma sha biyu ne a ajin, ordinata, wato kwamfuta, bakwai. Duk na haife su. Malamarmu ma na haife ta, Bagobira ce daga Tibiri, siririya, ba ta ɗaga murya. Da ta ji ni Bakatsine ne sai ta ce ai shi ke nan, ta samu bawa, irin wasan da ke tsakaninmu da su. Na ce mata tun da aka kafa Tibiri ba a taɓa jin Bagobiri ya koya wa Bakatsine wani abu ba, sai dai cin tuwo da yawa. Haka muka zauna har ƙarshe, tana ce mini Baba, ina ce mata ƴar Gobir, amma in ta tsaya a bayana tana duban aikina, zufa nake yi.

Makon farko hannuna ya ƙi ɓeran ordinata. Hannun da ya saba ɗaga buhu, an ce ya ja ɗan abu a hankali kamar mai zare ƙaya. Da hannun ya saba, sai kai ya ƙi. Afish ɗina ta farko na zuba mata duk abin da ke shago: kaya bakwai, lambar salula uku, ja da rawaya da kore da shuɗi, da addu'a a sama da wata a ƙasa. Malama ta duba ta ce in cire rabi. Na cire. Ta ce in ƙara cire rabin abin da ya rage, in bar fili. Na gaya mata a kasuwa filin da aka bari ba kowa rumfa ce da ba a kama ba. Ta ce in fita waje, in hau motona, in wuce ta gaban taga, za ta riƙe afish ɗin, in dawo in faɗa mata abin da na karanta. Na yi. Ban karanta komai ba sai launi. Daga ranar na daina yi mata gardama a kan fili.

A wata na uku ta koya mana abin da ya kama ni. Da Faransanci take kiransa, ni dai na sa masa hoto cikin hoto. Ka ɗauki mutum daga gefe, bayansa fari fes, ka ɗora wani hoton a kansa kamar ka ɗora takarda mai shara-shara a kan wata, sannan ka yi ta goge na saman a hankali har ya tsaya cikin jikin mutumin kaɗai. Fuska tana nan, amma kafaɗa da ƙirji sun zama gona, ko gari, ko gulbi. Ta ce sharaɗi ɗaya ne, hasken hotunan biyu ya fito daga gefe guda, in ba haka ba ido zai gane haɗi ne. Ina gani na san abin da zan yi. Makiyayi da shanu a cikin ƙirjinsa, a ƙasa sunan shagona da lamba ɗaya. Wannan ko wanda bai taɓa taka ƙofar lakol ba, zai karanta shi.

Ranar kasuwa na roƙi Ardo ya tsaya in ɗauki hotonsa. Ya yi dariya ya ce Kaɗo ya tsufa ya koma wasan yara, amma ya tsaya. Na rataya farin zanen gado a bangon mangaza, ya juya gefe da malfarsa da sanda a kafaɗa, rana tana dukansa daga hagu. Saura shanu. Rugarsa da nisa, ni kuma ina da aikin da zan miƙa jibi. Sai na taka zuwa kara, inda ake cinikin shanu nan bayan kasuwa, da la'asar, na sami wasu jajaye masu dogon ƙaho sun jeru, rana tana dukansu daga hagu daidai yadda ƴar Gobir ta ce. Na ɗauka. Haske kawai nake dubawa.

Kwana biyu na yi a kansa. Ƙahonin suka tashi daga kafaɗarsa suka shige cikin inuwar malfa, ƙurar ƙafarsu ta narke cikin rigarsa. Malama ta tsaya a bayana ta duba, sannan ta kira sauran su zo su ga abin da bawanta ya yi. Ni ne na ɗaya a ajin. Na kai Maraɗi aka buga mini arba'in. Ban nuna wa Ardo ba, so nake ya gani a bango ya yi mamaki. Na liƙa a Gazawa, a Agye, a tashar Cadawa, da bakin rijiyoyi biyu da ake shayar da dabbobi.

Kasuwar farko makiyaya suka taru a gaban afish ɗin kamar wancan karon, sai dai ba wanda ya yi dariya. Suna dubawa, suna magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, suna wucewa. Na ɗauka kwarjini ne. Ardo bai zo ba. Kasuwa ta biyu bai zo ba, mutanensa ma ƙalilan, wanda ya zo ya sayi tiya ɗaya ya tafi ba hira. Ta uku na hango biyu daga cikinsu suna ɗora buhu a amalanke a shagon da ke ƙarshen layi.

Matata ce ta kawo mini bayani, daga bakin mai kawo mata nono. Ta ce in je in dubi kunnuwan shanun. Na je na tsaya gaban aikina na duba kamar yau na fara ganinsa. Kowane gida na makiyaya da irin tsagar da yake yi wa kunnen dabbarsa, na sani tun ina yaro. Na gidan Ardo tsaga biyu ce a kunnen dama. Waɗannan an yanke musu bakin kunnen hagu, shaidar wani gida ce dabam, gidan da ma ba sa ga maciji da su saboda wata tsohuwar magana ta rijiya. Bai tsaya nan ba. A kan ƙugun biyu daga cikinsu akwai shuɗin fenti, irin wanda dillalai ke shafa wa dabbar da aka riga aka sayar, mai jiran mota zuwa Najeriya. Ni da kaina na ƙara wa shuɗin nan ƙarfi a ordinata, don ya yi kyau da jan.

Abin da na rubuta wa masu karanta hoto ke nan, a wuri arba'in: Ardo ya ƙare, yana kiwon shanun abokan gabarsa, su ma na yanka. Shekara goma sha tara ina ciyar da dabbobin mutanen nan, bakin dabbar na sani, ban taɓa ɗaga kai na dubi kunnenta ba.

Ranar na bi na yage su duka, har Cadawa. Washegari da safe na ɗora buhun kanwa a moto na nufi ruga. Ya karɓe ni kamar ba komai, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono a ƙwarya. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa. Bafillace ba zai ce ka ɓata masa ba. Ni na buɗe maganar, na ce na yi kuskure, na faɗi yadda aka yi, ban rage ba, har da maganar haske daga hagu. Ya saurara yana kallon ƙasa.

"Kaɗo," ya ce, "da ka sa mini jaki a ƙirji da ya fi. Jaki ba shi da gida."

Na ce zan sake, da nasa shanun, in buga ɗari. Ya girgiza kai. Ya ce garkensa ba zai hau bango kowane mai ido ya tsaya yana ƙirgawa ba, kuma fuskarsa ta gama yawon tasha. Can ya tambaye ni, shi wannan abin, dole sai da shanu da yawa ake yinsa? Na ce ko ɗaya ta isa. Ya tashi ya ce in biyo shi.

Wata tsohuwar saniya ce, ja, ƙahonta ɗaya ya karkace, haƙarƙarinta a waje. Ko kyauta aka ba ni a kara ba zan karɓa ba. Ya ce daga tsatson wadda mahaifinsa ya ba shi ranar suna take, ita ce ta bakwai a jerin, kuma ba za ta kai wata damina ba. Ya kira ta da wani suna, ta taho ta sa hanci a hammatarsa. Na zagaya har rana ta koma hagu, na ɗauka, na tabbata kunnen dama ya fito da tsagarsa biyu.

Da na kai aji na ba malama labari duka. Ba ta tsokane ni ba, abin da ya ba ni mamaki. Ta ce ita ma ta ba aikin maki ba ta san abin da ke cikinsa ba, kuma daga yau duk wanda ya sa fuskar mutum a aiki, sai ya kai wa mai fuskar ya gani kafin a buga. Ta zauna kusa da ni muka yi na biyun tare. Na so in goge ƙahon da ya karkace in miƙe shi, ta riƙe mini hannu.

"Baba, bar mata abinta. Da shi zai gane ta."

Guda ɗaya na buga, ƙarami, ba suna ba lamba, aka rufe shi da leda mai kauri saboda ruwa. Na kai masa. Ya riƙe shi nesa da ido ya daɗe, saniyar tana tsaye daidai inda zuciyarsa take. Bai ce ya yi kyau ba. Ya kira matarsa ta gani, ta rufe baki da gefen zane, ya karɓa ya naɗe a cikin rawani ya sa a jakar fata. Sannan ya tambaye ni nawa gurya take yanzu, ya ce ta yi tsada, muka yi ciniki kamar kullum.

Ga yadda abin ya tsaya. Afish arba'in sun tafi a banza, da kasuwa uku. Ruga biyu da suka koma ƙarshen layi ba su dawo ba har yau, ba na kuma ganin laifinsu. Bakwai sun dawo bayan Ardo. Na samu takardar shaidar gama koyo, tana cikin akwati, da sana'ar da yanzu nake yi wa masu shagon layinmu afish, ba na bugawa sai mai abu ya gani ya yarda. Saniyar ta mutu kafin ruwan farko, ya aiko aka gaya mini kamar yadda ake gaya wa dangi. In aka ce in auna, na ce na faɗi ruga biyu, na ci sauran.