Farar Takardar Gwaggo Allura

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, mai gadi bai gama kurɓar shayinsa ba, Gwaggo Allura ta iso ɗakin karatun jama'a da jaka a hammata. Shekara talatin da huɗu ke nan ana haka. Takan wuce manyan zaurukan, ta miƙe har ƙarshen baranda inda ɗakin yara yake, ɗan ƙarami mai taga biyu, ɗayar ma ba ta tsayawa a buɗe sai an tokare ta da rula. Ta goge gajerun teburan, ta ɗebo littattafan da aka dawo da su jiya, ta ware masu lafiya gefe, marasa lafiya gefe. Haka take kiransu. Ga wanda bangonsa ya ɓalle, ga wanda ƙaramin ƙane ya tauna, ga wanda ya sha ruwan sama a cikin jakar makaranta. Sai ta sa tabarau, ta zaro allura da zare mai kauri daga tsohon gwangwanin madara, ta hau ɗinki. Daga nan sunan ya samo asali, har yau shugaban wurin sai ya duba fayil kafin ya tuna sunanta na yanka.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Wata uku da suka wuce takarda ta fito daga ofis cewa da zarar ta tafi, za a mayar da ɗakin yara ma'ajiyar karyayyun kujeru, wai babu wanda ya nemi aikin, wai kuma yaran yanzu waya kawai suka sani. Ji mini magana! Wanda ya rubuta takardar nan bai taɓa leƙa ɗakin bayan an tashi makaranta ba, da ya ga yadda ake rigima a kan kujera. Gwaggo ta karanta, ta ninke, ta koma kan ɗinkinta. Amma mai shara ta ce ranar sau biyu ta ga ta soke yatsa da allura, abin da ba ta taɓa gani ba.

Tana da wata ɗabi'a da ba a koya mata a ko'ina ba. Duk littafin da ta ɗinke, sai ta ƙara masa farar takarda ɗaya a ƙarshe, ta rubuta a sama: "Me kake son sani?" Yaro ya rubuta tambayarsa, ita kuma ta amsa a ƙasa. Wani tsohon shugaba ya taɓa kiranta ofis, ya ce tana koya wa yara ɓata kayan hukuma.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "dama can suna rubutawa. Ni wuri kawai na ware musu."

A cikin masu rubutun akwai wata 'yar mai gyaran keke, 'yar shekara takwas, siririya, mai ido kamar za ta cinye ka. Me-ya-sa ake kiranta, don ba ta iya barin magana ta wuce salin alin. Wata rana ta dawo da littafin labarin sararin sama, a farar takardar ta rubuta: "Ina taurari suke zuwa da rana?" Gwaggo ta gaji ranar, aiki ya yi mata yawa, sai ta rubuta abin da kowane babba zai rubuta: "Barci suke yi, kamar ke." Washegari littafin ya dawo da sabon layi: "Ba gaskiya ba ne. Wa ya ga gadonsu?"

Kunya ta kama Gwaggo har cikin ƙashi. Ta ja layi a kan amsarta, ta rubuta: "Ban sani ba. Ba ni kwana uku." Ta shiga zauren manya ta yi ta bincike, ta tare wani malamin sakandare a bakin ƙofa ta hana shi tafiya sai da ya yi mata bayani sau biyu. Rana ta uku ta ari tocilar mai gadi, ta kama hannun yarinyar, suka fita tsakar fili da rana tsaka. Ta kunna.

"Kina ganin haskenta?"

"A'a, Gwaggo."

Ta ja ta cikin ɗakin tsintsiya, ta rufe ƙofa, ta sake kunnawa. "Yanzu fa?"

Yarinyar ta ƙura wa hasken ido. Can sai ta daka tsalle har ta kifar da bokiti. "Suna nan ke nan! Ba su je ko'ina ba!"

Ke ce, Gwaggo, kika tsaya gaban 'yar shekara takwas kika ce ba ki sani ba, alhali da yawa cikinmu gara mu haɗiyi allurar taki da mu faɗi haka. Ke ce likitar littattafai, uwar masu tambaya.

Me-ya-sa ta girma, ta yi nisa. Yau masaniyar kimiyyar taurari ce, irin masu auna zafin tauraro da nisansa da abin da ke ci a cikinsa. Mai gadi dai har yanzu bai gamsu ba, duk lokacin da aka yi zancenta sai ya ce in ta zo gida ta duba masa ko ƙafarsa za ta warke. A bara aka buga littafin yara mai hotuna a kan ƙuruciyarta, kwafi huɗu suka iso ɗakin. A shafi na tara ga filin, ga tocila, ga yarinya. Amma wa ke riƙe da tocilar? Wani ƙaton mutum mai gemu da farar riga, an rubuta "wani babban malami". Marubucin ya ji labarin a bakin wani, ya ɗauka irin wannan dabara sai shehin malami.

Mai gadi ya fusata. "Gwaggo, tocilata ce fa! Ke ce fa! A rubuta musu takarda!"

"Rabu da su, Malam. Gemun ma ya yi mini kyau."

Kowane mako take karanta wa yara littafin, in ta zo shafi na tara ta kumbura murya irin ta mai gemu, yara su yi ta dariya. Ko sau ɗaya ba ta ce ita ce ba. Ta ce abin da take so yaro ya ɗauka shi ne 'yar mai gyaran keke ta kai can, sauran duk surutu ne.

Makon jiya shugaba ya shigo da igiyar awo a hannu, zai auna inda kujeru za su zauna. Rabin littattafan an riga an zuba su a kwali. Gwaggo na tsakiyar shafi na tara, muryarta ba ta kumburu yadda ta saba ba. Mai gadi ya kasa jurewa. Ya ɗingisa zuwa kwalin, ya tono tsohon littafin nan na sararin sama, ya buɗe bayansa, ya danƙa wa shugaba. Mutumin ya karanta rubutun yarinyar, ya karanta layin da aka soke, ya dubi sabon littafin da ke hannun Gwaggo. Ya ɗauko wani littafin daga kwalin, ya duba baya. Ya ɗauko wani. Duk wanda ya buɗe, tambaya da amsa.

"Ke kika rubuta 'Ban sani ba'?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Lokacin ban sani ba ne."

Ya naɗe igiyar awonsa a hankali. "To, ni ma ban sani ba. Amma Gwaggo, ɗaki ba ya riƙe kansa. Wa zai zauna?"

Sai wata tela da ta zo ɗaukar 'yarta ta yi magana daga bakin ƙofa. "Ni, ranka ya daɗe. Akwai rubutuna a bayan littafi goma sha ɗaya a cikin kwalayen nan. Allura kuwa ba baƙuwata ba ce."

An janye takardar. Yanzu kullum da safe su biyu ne a teburin, Gwaggo na warware ɗinkin telar tana faɗa: "Wannan littafi ne, 'yar nan, ba siket ba!" Telar na dariya tana sakewa.

Mun gode, Gwaggo. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma iyaye da malamai, in yaro ya jefo muku tambayar da ta fi ƙarfinku, kada ku sallame shi da tatsuniya. Ku nemi kwana uku, ku je ku nemo.

Sabon littafin ma ya fara yagewa, don hannu ya yi masa yawa. Gwaggo ta ɗinke shi, ta ƙara masa farar takardarsa. Shekaranjiya ya dawo da rubutun wata ƙaramar yarinya, haruffan duk sun karkace: "Ina Gwaggo za ta je in ta tafi?" Ta cire tabarau, ta share hawaye da bayan hannu, ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ɗauki biro ta rubuta: "Ban sani ba. Ba ni kwana uku."

Mai gadi ya ce ta ɗauki kwana ukunta, amma shi dai ba zai karɓi makullinta ba.