Tsirkiyar da ke Cikin Motata

Maƙwabcina a unguwar Mabera malamin makaranta ne, mutumin Jos, kuma shi ke kaɗa babbar jita a cocinsu, mai tsirkiya huɗu masu kauri. Ni kuwa tsohuwar motar mahaifina nake lallaɓawa, wadda ta girme ni. Bayan la'asar mukan zauna gindin dogonyaro, ina yabon ƙarfen da, shi yana ƙorafin kusoshin ɗaure tsirkiyarsa da suka yi tsatsa. Nakan ce, "Malam, wagga aba taka ba ta waƙa, gurnani taka yi." Sai ya ce motata ma haka.

Wata Asabar wayar da ake ja a buɗe bonet, wato murfin injin motar, ta tsinke, na zaga Sakkwato ban samu irinta ba. Malam ya shiga gida ya kwanto mafi kaurin tsirkiyarsa, ya ɗaura mini a madadin wayar. Washegari da tsirkiya uku ya yi kiɗa a coci. Ko godiyar kirki ban yi masa ba, sai tsiya.

Bara ya rasu, aka kai shi gida Jos, iyalinsa ma suka tashi.

Kwanan baya bakanike ya leƙa injin, ya ga tsirkiyar, ya ce, "Alhaji, wane mahaukaci ya sa wannan? Bari in cire." Na ce in ya kuskura ya taɓa ta, mun rabu ke nan. Da ya ba da baya, na sa yatsa na ɗan fizge ta. Ta yi gurnanin nan nata, ni kuwa babu sauran wanda zan yi wa tsiya.