Hindatu Mai Ƙullin Gafasa

Da hantsi, masaƙan Gafasa sun riga sun jeru a ƙofar gidan Hindatu, kowa da rawanin da ya saƙa a hammata, kowa kamar mai jiran alƙali. Ita kuwa tana kan tabarma a bayan zaure, ba ta sauri. Takan ɗaga rawani ta dubi rana ta cikinsa, ta ja zarensa da haƙori, ta lasa. In ya yi mata, sai ta ɗauko jan alharini ta yi ɗan mitsitsin ƙulli a gefensa. In bai yi ba, ta mayar wa mai shi ta ce, "A gaida mutan gida." Furfura ba ta taɓa ceton kowa a wurinta ba.

Shekara talatin ke nan ana haka. Fatake sun shaida cewa a Agadas, Buzu ba ya warware rawanin Gafasa. Yana laluba gefe da yatsa, ya ji ƙullin, ciniki ya faɗa. Wani Balaraben Gadamus ya taɓa kawo mata taguwa da ɗanta don ta koya masa ƙullin, ta ce ba ta da wurin ɗaure raƙumi. Amma da masaƙan Kademi da na Gaya suka nemi a ɗaura wa nasu, ba ta yi rowa ba. Ta ce su kawo ta gwada kamar na kowa, cikin kowane ashirin su bar wa Gafasa ɗaya. Da haka garuruwa uku suka ci abinci da suna guda.

Ana nan, wata shekara madugu Maiwada ya dawo daga arewa fuska ba walwala. Ya durƙusa, ya ajiye mata wani rawani da ya yage kamar ganye, an shafe shi da koko don ya yi kauri, ga ƙulli a gefensa.

Ya ce, "Uwa, sunanku ya zube. Buzaye sun ce in suka sake ganin irin wannan, kada mu ƙara kai musu kayan Gafasa."

Nan take masaƙa suka ɗauki zafi. Suka ce aikin mutanen Kademi ne, a kore su, dama tsintacciyar mage ba ta mage. Hindatu ta jawo rawanin gabanta. Ta sa allura ta kwance ƙullin a hankali, sai ta ga naɗin ya bi ta hagu. Mutum ɗaya ta taɓa koya wa ƙullin nan a duniya, bahaguwa ce kuma: Bilki, 'yarta tilo, wadda ke auren wani masaƙi a Gaya.

Babu wanda ya iya karanta ƙullin sai ita. Da ta yi shiru, da an kori Kademi, magana ta mutu. Waɗanda ke wurin sun ce ta daɗe tana juya zaren a yatsunta kafin ta ɗago.

Ta ce, "Ku bar mutanen Kademi. Hannun Bilki ne."

Ta sa Maiwada ya gaya wa Buzaye gaskiya yadda take, duk mai riƙe da ƙullin hagu a musanya masa. Ta sauya naɗin ƙullin, ba ta kuma koya wa Bilki sabon ba. Kafin ayari biyu su je su dawo, Agadas ta koma laluba gefe. Bilki kuwa, yau shekara tara rabonta da gidan. An yi suna biyu a ɗakinta, ko goro ba a aiko ba.

Ke ce, Hindatu, dutse a hannun riga. Ke ce kika auna 'yar cikinki da mudun da kike auna bare. Har yau abin yana ba ni tsoro, don na san da ni ne da na yi shiru.

Bana da tsufa ya sa hannun Hindatu ya fara rawa, ta miƙa allura da alharini ga Suwaibatu, surukar maƙwabcinta, wadda ba su haɗa jini ba. Mun gode, Uwa. Allah Ya saka, Ya karkato miki da zuciyar Bilki tun kina gani. Ku kuma da aka ba amanar sunan jama'a, ku riƙe shi yadda ta riƙe. Duk tuwon da aka tuƙa a Gafasa da albarkar ƙullin nan, mu muka ci, ita ta biya da 'yarta.