Kukan da Na Yi a Bakin Tafki

Shekarar da aka turo ni koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Madarounfa, addu'ata ta bushe. Ina zuwa majami'a kowace Lahadi, ina rera waƙa da kowa, amma zuciyata ba ta motsi. Sai na fara fita da sassafe zuwa bakin tafki, in zauna ƙarƙashin wani gawo da Littafi Mai Tsarki, ko Ubangiji zai matso kusa da ni.

Wata safiya na durƙusa na ce masa na gaji da magana ni kaɗai. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, har da shessheƙa, goshina a ƙasa. Ashe wani dattijo masunci yana gyaran raga bayan ciyawa. Ya tafi gari ya ba da labarin abin da ya gani.

Da na taso daga lakwal da rana, na tarar da tabarmi a ƙofar gidana. Maƙwabta sun zauna jugum. Matata ta tare ni a zaure, idonta ja.

"Maigida, wa ya rasu? Baba ne? An ce an gan ka kana kuka."

Na ce babu wanda ya rasu. Amma dole in fita in sallami mutane. Maƙwabcina, wani Alhaji mai motar haya a hanyar Ɗan Issa, ya fasa lodinsa na ranar don ya yi mini gaisuwa. Na tsaya gabansu.

"Ku yi haƙuri. Addu'a nake yi."

Wani saurayi ya danne dariya. Alhaji ya harare shi, ya juyo gare ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, ciwo ne ko wata damuwa? Faɗa mana."

"Ba ko ɗaya, Alhaji. Allah nake nema, na ji ya yi mini nisa."

Sai ya ce, "Allah ya sada ku." Ya naɗe tabarmarsa da kansa.

Na yi makonni ina bin lungu don kada in haɗu da su. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne matata ta ji wannan magana tare da mutanen unguwa. Ba ta yi mini gori ba. Ta dai ce in zan yi addu'a in riƙa kiranta. Muka fara durƙusawa tare a ɗaki kafin yara su tashi. Yawancin ranaku ita ke magana, ni amin kawai nake iya cewa.