Faten Ganyen Inabi na Malam Nata'ala

Kullum bayan sallar asuba Malam Nata'ala yakan fito daga ɗakinsa na unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira, ya hau ƙaramar bas ɗin da ake kira mikrobas zuwa tashar Ramsis, ya canja wata da za ta sauke shi a hanyar sahara mai zuwa Iskandariyya. Can akwai wani gidan abinci a tsakiyar gonar inabi, irin wanda ake shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a jera wa mutum ɗaya cokali huɗu. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan zirga-zirga. Ba shi ne babban kuku ba. Babban shi ne Shef Ya'ƙub, ɗan Masar, mai doguwar hula da gajeren haƙuri. Malam Nata'ala shi ne na miya da romo, shi kuma ke dafa wa ma'aikata nasu. Masu gidan suna yin giya da inabinsu, baƙi su sha. Shi iyakarsa tukunya, ko murfin kwalba bai taɓa buɗewa ba.

Yana da wata ɗabi'a da abokan aiki ke yi masa dariya a kanta. In an kwaso faranti daga tebur, sai ya tare mai kwasowa a ƙofar kicin ya duba abin da aka rage. Yakan ce baƙo yana iya cewa "tamam", wato komai ya yi daidai, don kunya, amma faranti ba ya jin kunyar kowa.

Ni tafinta ne, aikina raka marasa lafiya 'yan gida asibitocin Alƙahira. Ta nan na san Mista Gideon, ma'aikacin ofishin jakadancinmu, da matarsa Madam Comfort, mutuniyar Kafanchan. A 2013 tana karɓar maganin ciwon daji, maganin kuwa ya kashe mata baki, ko shayi sai an yi rigima. Likita ya faɗa a gabana, ni na fassara: in ba ta ci abinci ta murmure cikin mako uku ba, ba zai yi mata aiki ba.

Cikin makonnin nan, a watan Mayu, suka cika shekara talatin da aure. Mista Gideon ya yi tunanin ko abincin manya zai ja ra'ayinta, ya kama tebur a gonar inabin nan. Ya tafi da ni, don Larabcinsa bai wuce "yalla" da "khalas" ba.

Aka zaunar da mu a ƙarƙashin rumfar inabi da azahar. Aka kawo wata koriyar miya, ta kalla, aka mayar. Aka kawo kifi kamar ɗan yatsa da fure a kansa, aka mayar. Naman agwagwa ma haka. Mista Gideon yana ta "Ko loma ɗaya, Mama," ita tana murmushi don kada ta ɓata masa rana.

Sai ga wani dattijo ya fito yana goge hannu. Ya yi sallama da Hausa, har muka zabura.

"Madam, sannu da jiki. Ba zan tambaye ki me kike so ba, na san za ki ce babu. A ina aka haife ki?"

"Kafanchan, Malam."

"To, shi ke nan." Ya juya abinsa.

Mai kawo mana abinci ne ya ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Shef Ya'ƙub ya ce ba a taɓa yin haka a kicin ɗinsa ba. Malam Nata'ala ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Shef. Farantinka uku sun dawo yadda suka tafi, na huɗu ma zai dawo. Ka ba ni murhu ɗaya." Shef ya yi ta faɗa, amma ya matsa.

Ba tsakin masara, sai ya ɗauko tsakin alkama da Masarawa ke kira burgul. Ba yakuwa, sai ya shiga gona ya tsinko ɗanyen ganyen inabi, wanda yake da ɗan tsami irin nata. Ya daka gyaɗa, ya gutsuro daddawar da yake ɓoyewa a gwangwani don tuwon kansa. A kwanon ma'aikata ya kawo shi, yana tururi, ya ajiye a kan farin ƙyallen nan.

Madam Comfort ta sunkuya ta shinshina. "Yesu! Fate?"

Ta ci cokali ɗaya, ta tsaya. Ta ci na biyu. Ta ce, "Malam, ina ka samo yakuwa a ƙasar nan?" Ya nuna mata rumfar da ke bisa kanta. Ta yi dariya, ta cinye, ta ce, "Akwai saura?" Mista Gideon ya juya fuska wajen gona ya daɗe bai waiwayo ba. Ni ma, gaskiya, idona ya kawo ruwa.

Daga ranar, in Malam Nata'ala ya tashi aiki, sai ya biya ta gidansu a unguwar Dokki da kwano a jaka, alhali ba hanyarsa ba ce. Kwana goma sha tara bai yi fashi ba. Likita ya auna ta, ya ce tamam, aka yi aiki.

A ƙarshen watan nan Malam Nata'ala zai ajiye aiki ya koma Gumel, gwiwa ta ce ya isa. Babu wanda zai ba shi lambar yabo, shi ya sa na rubuta wannan. Malam, kai ne mai duba abin da kowa ke zubarwa. Kai ne ka gane mara lafiya ba tsada yake nema ba, gida yake nema. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Mu kuma da ke zaune a ƙasar mutane, kowa na da murhu ɗaya da zai iya kunnawa don ɗan'uwansa, sai mu kunna.

Madam Comfort ta rasu a Kafanchan a ƙarshen 2014. Da na kira Mista Gideon na gaya masa Malam zai tafi, sai ya ce:

"Ka gaya masa mun yi na talatin da ɗaya. A gida muka yi, kuma ita ta dafa."