Hancin Yaya Sabi'u

Duk wanda ya zauna da mu a gidan ɗalibai na Bur Dubai ya san ba a shiga ƙofar nan sai an bi ta hancin Yaya Sabi'u. Ka yi sallama, ya miƙo hannu kamar za ku gaisa, sai kawai ya kai yatsunka hanci. "Uhm! Shawarma, ta kaza ma. Yalla, maza koma ka wanke da sabulu."

Gidan na wata tsohuwa ce 'yar Indiya, Mama muke ce mata. Ta sauƙaƙa wa ɗalibai haya bisa sharaɗi guda: nama ba zai tsallaka mata ƙofa ba. Mu Hausawa da 'yan Indiya muka haɗa tukunya, cefane tare, girki bi da bi. Su a haka suka taso. Mu kuwa tsadar haya ce ta mai da mu awaki. Yaya Sabi'u ne kaɗai ke yi da zuciya ɗaya, alhali gidansu gidan fawa ne kaka da kakanni!

Ranar da na iso daga Kano, Hajiyarmu ta naɗe min kilishi a zani ta cusa can ƙasan akwati. Ko zif ban taɓa ba ya ɗaga hanci.

"Ƙanina, akwai gawa a akwatin nan."

"Subhanallahi! Kayan sawa ne, Yaya."

"To an barbaɗa wa rigarka yaji da ƙuli."

Ƙafarsa ƙafata har unguwar Al Rigga, ya damƙa wa 'yan kasuwar garinmu kilishin. Ina ji ina gani suka cinye, suna sa wa Hajiya albarka. A hanya na ce, "Yaya, wai haram ne?"

"Wa ya ce? Halal ne tsantsa. Ni dai na ci rabona da na jikokina tun ina firamare."

Kun tuna ranar daddawa? Yana kaɗa miyar kuka sai ga Mama ba sanarwa. Ta toshe hanci da gefen mayafi. "Nama! Ruɓaɓɓe ma! Khalas, shi ke nan, ƙarshen wata kowa ya kwashe kayansa." Ga jarrabawa a gaba, ina za mu samu ɗaki a Dubai? 'Yan Indiyar ma harararmu suke yi. Shi kuwa gogan ko a jikinsa. Ya jawo mata kujera, ya ɓantari daddawar ya nuna mata, ya rantse 'ya'yan itace ne. Ta ƙi yarda. Sai ya zuba mata tuwo ya ce, "Mama, shwaiya, ɗan kaɗan kawai. In kin ci karo da ƙashi, ni zan fara fita."

Ta ɗanɗana. Ta ƙara. Kafin ta tafi ta ƙulle rabin daddawarsa a hankici. Muna ta murna an tsira, muka juya muka gan shi ya zabga tagumi.

"Yaya, lafiya?"

"Daddawar da nake lallaɓawa tun bara! Ai gara ta kore mu."

Sai zuwanmu shaƙatawa garin Hatta. Kowa a bakin dam yana gasa nama, hayaƙi na dukanmu, mu kuwa Yaya ya tsire awara a tsinke ya mulke ta da yaji. Wani Alhaji ya ji Hausa ya ƙaraso, muka ce bismillah. Ya ci, ya lumshe ido.

"Kai yara, naman wace dabba ce da laushi haka?"

Yaya ya ce, "Alhaji, a gona take tsirowa. Waken suya ne."

Alhaji ya dubi tsinken ya ce, "Innalillahi! Boko ta lalata ku, ku kuma kun lalata tsire." Amma fa sai da ya nemi ƙari.

Lokacin korona zazzaɓi ya kayar da ni, na warke amma bakina ya ƙi karɓar komai. Na rame kamar sillen kara. Wata la'asar Yaya Sabi'u ya lulluɓa min bargo, ya tallabe ni zuwa matakalar bene, ya ɗora min kwano a cinya. Na buɗe: farfesun kaza! Da ƙafarsa ya je ya sayo.

"Yaya, doka fa?"

Ya ja baya yana riƙe da hanci. "Mama cewa ta yi cikin gida. Matakala ba cikin gida ba ce. Sha, kada ka ba ni kunya wajen Hajiya."

Yana tsaye a kaina har na suɗe kwanon.

Ya gama karatu ya koma gida, ba a rufa shekara ba aka kira mu cewa ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Da na gaya wa Mama, zama ta yi a ƙasa ta yi ta kuka.

Allah Ya jiƙan Yaya Sabi'u, Ya haskaka makwancinsa. Yadda ya riƙe mu a ƙasar da ba mu da kowa, Allah Ya riƙe masa bayansa, Ya sada mu a Aljanna. Amin.